Gani ya kori ji: abin da ya sami Yayana bayan bugun zuciya



Kwana biyu kun ji ni shiru a nan, har wasu sun kira ni suna tambaya ko lafiya. Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jinya ce ta riƙe ni, kuma alhamdulillahi mai jikin yana samun sauƙi. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko wanda ke da dattijo a gida. Na nemi izinin Yaya kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, amma kar in kuskura in sa hotonsa, wai ya rame kar abokan wasansa su samu abin yi.

Waɗanda suka san ni sun san mu mutanen Ruwan Godiya ne, ta ƙaramar hukumar Faskari. Ni aikin gwamnati ya kai ni Katsina, shi kuwa Yaya yana gida, noma da ɗan sayen hatsi. Bayan rasuwar Baba shi ya zama uba a gare mu. Kuɗin rajistata ta farko a jami'a, audugarsa ya sayar ya ba ni. Na faɗi wannan ne don ku gane nauyin abin da zan ba da labari, domin a cikinsa akwai laifina.

A kakar da ta wuce, wata rana bayan La'asar, yana gona ana karyar masara, sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Yadda ya kwatanta mini daga baya, kamar an aza masa buhun masara a ƙirji an zauna a kai. Zufa ta karyo masa, hannun hagu ya yi sanyi, amai na taso masa. Yara suka ɗauko shi a babur zuwa gida. Aka ce olsa ce, don dama yana fama da ita jefi-jefi. Aka sayo maganin olsa a kemis, aka dama masa kunu. Ciwo bai lafa ba. Kafin a yanke shawarar a tafi asibiti magariba ta yi, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba direban da zai yarda ya hau hanyar Sheme da dare, ko nawa za ka ba shi, kuma ba ka ganin laifinsa. Haka Yaya ya kwana da wannan ciwo.

Da gari ya waye aka kai shi Funtua. Can aka yi masa gwajin nan da ake liƙa wayoyi a ƙirji, ECG, takarda ta fito, likita ya duba ya ce wannan bugun zuciya ne, a wuce da shi Shika yanzu yanzu. Ni ma daga Katsina na kamo hanya, muka haɗu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A nan na fara jin bayanin da ban taɓa ji ba duk da digirina. Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga ciki, ɓangaren da jijiyar ke ciyarwa yakan fara mutuwa, awa bayan awa. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma amfaninta a awannin farko yake, galibi kafin a cika awa 12. Mu kuwa mun iso bayan kusan kwana guda. Likita bai yi mana faɗa ba. Ya tambayi daga ina muke, muka faɗa masa, sai ya gyaɗa kai kawai.

Allah Ya yi da sauran kwana. Bayan kwana tara aka sallame mu da ledar magunguna da dogon gargaɗi: ban da gishiri da yawa, ban da aikin ƙarfi, a dawo ranar kaza. Muka koma gida, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, aka yi sadaka. Ni a raina an gama. Na koma bakin aiki.

Ashe ba a gama ba.

Mako uku da 'yan kwanaki bayan haka, da daddare, matar Yaya ta kira ni. Ta ce, "Baban yara, jikin Yayanka fa ya motsa. Zazzaɓi yake, kuma ƙirjin ya dawo." Gabana ya faɗi. Na ce a ba shi wayar. Na ce, "Yaya, irin na wancan karon ne?" Ya ce a'a, wannan daban ne. Wancan nauyi ne, wannan kuwa suka ce, kamar ana caka masa tsinke, kuma idan ya ja numfashi ko ya yi tari sai ta ƙaru, har tana hawa kafaɗarsa ta hagu zuwa gefen wuya.

To a nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Da na ji ya ce ba irin na da ba ne, kuma ga zazzaɓi, sai na yanke hukunci daga kan gadona a Katsina. Na ce maleriya ce da ciwon jiki, a saya masa maganin maleriya, a haɗa da diklofenak don ciwon ƙirjin. Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na ɗan boko, su kuma suka karɓa saboda ni ne wanda ya je jami'a. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wallahi. Abin da na karanta a jami'a ko kusa bai shafi likitanci ba.

Kwana uku ana haka. A gari kuma kowa da nasa. Wani ya ce taifot ce. Wata gwaggonmu ta ce ai dama ta faɗa, wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa saboda gonar da ya saya bara. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙo. Ban raina addu'a ba, Allah Ya sani, da ita muke tsaye. Amma lokaci yana tafiya.

Wadda ta cece mu, bayan Allah, ita ce matar Yaya, wadda ko firamare ba ta gama ba. A rana ta huɗu ta sake kirana, ta ce, "Ni dai akwai abin da nake gani. Mutumin nan kwana uku ke nan bai kwanta ba. Da ya miƙe a katifa sai ya zabura ya tashi. A zaune yake kwana, ya rungume filo ya duƙa gaba, a nan ne kawai yake samun sauƙi. Maleriya ba ta hana mutum kwanciya. Ka zo ka mai da shi wurin masu zuciyar nan." Ban yi musu ba. Na nemi izini a ofis, da sassafe na kama hanya. Na ishe shi a zaure, zaune a tabarma, ya jingina ƙirjinsa da wani buhun waken suya, yana numfashi sama-sama. Da ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce, "Likita ya iso." Ban iya dariya ba.

Muka koma Shika. Likitar da ta karɓe mu matashiya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Tambayarta ta farko bayan gaisuwa ita ce, "Baba, idan ka kwanta ciwon ƙaruwa yake, idan ka zauna ka duƙa gaba ya ragu?" Yaya ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "'Yar nan, kamar kina gidan." Ta sa shi ya duƙa, ta ɗora abin sauraron ƙirji, ta ce ya riƙe numfashi. Ta daɗe tana saurare. Daga baya ta ce tana jin wata ƙara kamar ana goga busasshiyar fata a kan 'yar uwarta. Sai ta tambayi magungunan da ya sha. Da na ambaci diklofenak ta ɗago kai ta ce, "Wa ya rubuta masa?" Na ce ni ne. Ta ce, "Yallaɓai, don Allah kar a sake." A hankali ta faɗa, amma na ji ta har ƙashina.

Ga bayanin da suka yi mana, gwargwadon yadda na fahimta, kuma na rubuta a ɗan littafina a wurin don kar in manta.

Zuciya ba a tsirara take cikin ƙirji ba. Tana cikin wata 'yar jaka mai ruɓi biyu, kuma tsakanin ruɓin biyu akwai ɗan ruwa kaɗan, mililita 15 zuwa 50, wato kamar cokali ɗaya zuwa uku na cin abinci. Aikinsa kamar na man inji ne, don zuciya ta riƙa motsi ba tare da gogayya ba. Bayan bugun zuciya wannan jaka tana iya kumbura, kuma iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa a kwanakin farko, saboda tsokar da ta mutu tana maƙwabtaka da jakar. Akwai kuma wanda ke zuwa bayan makonni, lokacin da kowa ya saki jiki. Shi wannan na biyun garkuwar jiki ce ke rikicewa: tana ƙoƙarin share abin da ya lalace, sai ta koma tana yaƙar jakar kanta. Wani likita a Amurka mai suna William Dressler ne ya yi bayaninsa a 1956, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Shi ne ya kama Yaya.

Na ce to tunda kun gane, a ba shi magani mana mu tafi. Ta ce ba a haka. Mutumin da ya yi bugun zuciya makonni kaɗan da suka wuce, ya dawo da ciwon ƙirji, abubuwa da yawa na iya zama: sabon toshewa, ko gudan jini a huhu, ko ciwon huhu, ko wannan kumburi. Maganin wani yana iya zama guba ga wani. Alal misali, idan aka ɗauka sabon toshewa ne aka ƙara masa magungunan tsinka jini masu ƙarfi, alhali jakar ce ta kumbura, jini na iya tsiyaya cikin jakar. Ta ce ƙa'idar da suke bi ita ce a sami aƙalla biyu cikin alamomi huɗu: irin wannan ciwon ƙirjin, ƙarar gogayyar nan, wani sauyi a takardar ECG, da taruwar ruwa a jakar. Biyu sun riga sun samu. Amma ECG ɗin Yaya yana da wuyar karantawa, saboda tabon bugun farko ya riga ya canza zanen. Hoton ƙirji na eksire kuma ba ya nuna zuciya ta yi girma sai ruwan ya taru da yawa, wajen mililita 200 ko fiye. Saboda haka sai an yi hoton zuciya, wanda suke kira eko.

Eko ɗin nan ɗan uwan sikanin da ake yi wa masu juna biyu ne. Ba yanka, ba allura, ba zafi. Aka kwantar da shi ta gefen hagu, da ƙyar ya daure, aka shafa masa wani mai sanyi a ƙirji, aka ɗora wani abu kamar kan tocila. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi zuciya ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto mai motsi. Na ji an ce tun 1953 wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Edler da Hertz, suka fara gwada wannan dabara a kan zuciya. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan, amma ni ranar na fara ganinta da idona.

Jama'a, na ga zuciyar Yayana tana bugawa a allo. Likitan da ke yin hoton ya nuna mini da yatsa: ga ɗakunan zuciya huɗu, ga ƙofofinsu suna buɗewa suna rufewa, ga wani ɓangare na bango da ba ya motsi sosai kamar sauran, nan ne inda ya mutu a daren da ba a samu mota ba. Sannan ya nuna wani baƙin layi da ya zagaye zuciyar kamar rawani. Ya ce wannan shi ne ruwan. Ya auna kaurinsa, ya ce matsakaici ne, bai kai ga matse zuciyar ba tukuna. Na tambaye shi idan ya matse fa? Ya ce jakar ba ta saurin buɗewa, idan ruwa ya taru da sauri sai zuciya ta rasa wurin cika da jini, awon jini ya faɗi, jijiyoyin wuya su kumbura, mutum ya galabaita. A nan sai an sa allura an zuƙe ruwan cikin gaggawa, kuma da wannan hoton ake ganin inda za a bi. Ya ƙara duba ko akwai gudan jini a cikin zuciyar, ko wurin da ya mutu ya yi rauni har yana neman tsagewa. Alhamdulillahi babu ko ɗaya.

Na tsaya ina kallon baƙin layin nan ina tuna gwaggo da maganar hannu, ina tuna kaina da maganar maleriya. Gani ya kori ji.

Aka ɗebi jini aka auna alamar kumburi, aka ga ta hau. Aka auna alamar sabon rauni a tsokar zuciya, ba ta nuna sabon bugu ba. Aka kuma bincika tarin tibi, abin da ya ba ni mamaki tunda ba ya tari sosai. Suka ce a ƙasashenmu na Afirka tibi na kan gaba cikin abubuwan da ke tara ruwa a jakar zuciya, don haka ba sa tsallake shi. Suka ce da hoton eko bai fayyace ba, akwai na MRI, wanda ke iya nuna kumburin jakar kanta ko da ruwa bai taru ba, da na CT mai nuna kaurinta. Amma waɗannan sun fi tsada nesa ba kusa ba. Allah Ya taimake mu ba mu kai can ba.

Maganin ma ya ba ni mamaki. Asfirin ne, amma da yawan da likita kaɗai zai ƙayyade, tare da maganin kare ciki saboda olsarsa, da wani ƙaramin ƙwaya mai suna kolcisin da zai sha wajen wata uku. Diklofenak da aibufurofen da danginsu kuwa, waɗanda muke saya kamar alewa, su ne ake gudu ga wanda bai daɗe da bugun zuciya ba, don suna iya hana wurin da ya ji rauni warkewa da kyau, kuma suna ƙara haɗarin wani bugun. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya sayi asfirin ya yi ta ɗirka. In ka yi haka ka maimaita kuskurena ne da wani magani.

A dare na uku a asibiti, ina zaune a kujera ina gyangyaɗi, na farka na ga Yaya ya miƙe a gado, rigingine, yana minshari. Wallahi ban taɓa jin daɗin minshari irin na ranar ba. Bayan mako biyu aka sake hoton, baƙin layin ya sirance. Yanzu yana gida, an hana shi gona sai likita ya ce, yana zaune a zaure yana ba yara umarni yana ƙorafin miya ba gishiri.

Akwai maganar da wani babban likita ya yi lokacin zagayen safe, yana koya wa ɗalibansa a gaban gadon Yaya, wadda ita ce ta sa na yi wannan rubutu. Ya ce a ƙasashen da ake buɗe jijiyar da ta toshe cikin awannin farko, wannan ciwo na Dressler ya yi ƙaranci sosai, saboda tsokar da ke mutuwa ba ta da yawa. An fi ganinsa ga wanda ya makara. Na yi ta juya maganar nan a raina. Ashe ruwan da na gani a allo, tushensa yana can a hanyar Sheme, a daren da ba wanda ya iya fita. Idan ana lissafin ɓarnar rashin tsaro a Faskari da Kankara da Sabuwa, ana ƙirga waɗanda aka kashe, da waɗanda aka sace, da shanun da aka kora. Duniya ta ji labarin ɗaliban Kankara a Disambar 2020. Amma ba mai ƙirga mai naƙudar da ta jira asuba, ko dattijon da ya kwana da ciwon ƙirji. Ku tuna lokacin da aka rufe layukan waya a yankinmu a 2021. Da a lokacin abin nan ya faru, ko kirana matar Yaya ba za ta iya yi ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san iyakata, kuma na san ba a gina komai rana ɗaya. Amma ina da roƙo ga masu wakiltar mu, daga kansila har ɗan majalisar tarayya na Faskari, Kankara da Sabuwa, da gwamnatin jiha. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Ba na cewa a kawo MRI ƙauyenmu. Na'urar ECG ba ta kai kuɗin babura kaɗan cikin waɗanda ake rabawa lokacin siyasa ba. Yanzu har akwai ƙananan na'urorin eko da ake riƙewa a hannu a haɗa da waya. A sa su a manyan asibitocin ƙananan hukumominmu, a horar da masu amfani da su, a tanadi wutar sola, a samar da hanyar da za su tura hoto ga likitan zuciya a Katsina ko Zariya ko Kano ya duba. Na'ura ba tare da wanda ya iya ta ba, kayan ado ce. Mu mun iya kai Yaya Shika sau biyu saboda ina da albashi, kuma duk da haka sai da na ci bashin ƙungiyar adashen ofis, shi kuma aka sayar da masarar da ya so ya ajiye sai ta yi daraja. Maƙwabcinsa da ba shi da ƙane a Katsina fa?

Mu ma akwai namu. Ga abin da na koya, da tsada:

Ciwon ƙirji mai nauyi, da zufa, da ciwon hannu ko muƙamuƙi, ba a jira da shi a ga ko olsa ce. In da rana ne a tafi a lokacin, kar a bari magariba ta rufa.

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Wanda ya yi bugun zuciya, in ya sake jin ciwon ƙirji kowane iri, ko zazzaɓi, ko ƙarancin numfashi, ko ya kasa kwanciya, a mai da shi, a tafi da takardunsa na farko da duk ledar magungunansa.

Wanda ya haura arba'in ya riƙa auna jininsa da sugansa. Yaya ya yi shekaru da hawan jini bai sani ba. Ni ma na auna nawa a can, kuma labarin bai yi daɗi ba, na fara shan magani.

Mu 'yan boko na gida, mu ji tsoron Allah mu daina rubuta magani ta waya. In an tambaye ka abin da ba fanninka ba, ka ce a je asibiti, in kana da hali ka tura kuɗin mota.

A saurari matan da ke jinya. Su ke kwana da mara lafiya, su ke ganin abin da mu ba mu gani. Jiki magayi ne, amma sai da mai lura.

Ranar da za mu baro asibiti na ce, "Yaya, ka yafe mini maganin nan da na sa aka ba ka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai dai ka biya ni kuɗin audugata, sai mu yi maganar yafiya." Muka yi dariya har sai da ya dafe ƙirji, matarsa ta harare mu duka.

Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka tsaya mana, da duk wanda ya kira ko ya yi addu'a. In akwai likita cikin masu karantawa ya ga inda na yi kuskure a bayani, don Allah ya gyara mini a ƙasa, kowa ya amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Ruwan Godiya da jihar Katsina da Arewa baki ɗaya, har mu ga ranar da za a ɗauki mara lafiya da tsakar dare a hau hanya ba fargaba. Amin.